Ajin Koyon Bincike a Intanet da Na Shiga a Laburare

A 1997 na shiga ajin nan na awa biyu. Ya yi amfani, amma ba ta inda na zata ba.

Kwamfuta shida, mu goma sha huɗu. An sa wa kowacce manhajar buɗe shafukan intanet ta Netscape Navigator, layin wayar da ke kai mu intanet kuma sai ya gama kukansa irin na gyare kafin ya haɗu. Hoto ɗaya kan sauko layi-layi daga sama, sai ka yi hamma biyu kafin ka ga haɓar mutum. Rabin awar farko a koyon riƙe linzamin kwamfuta ya tafi. Da sun raba mu gida biyu da ya fi, don wasunmu mun wuce nan.

Malamar, wata ma'aikaciyar laburaren mai rataye gilashi a wuya, ta fara burge ni da ta zo kan Yahoo da AltaVista. Ta ce Yahoo kamar akwatin katunan littattafai ne, mutane suka zauna suka jera shafuka fanni-fanni, kai dai ka bi reshe har ka isa. Shi kuwa AltaVista, da bai cika shekara biyu ba a lokacin, inji ne mai kwaso komai, ba ya ware zare da abawa. Na nemi bayani kan zazzaɓin cizon sauro, sakamako ya zubo dubbai. Ta sunkuyo ta rufe kalmomi biyu cikin alamar zance, ta ƙara AND, wato umarnin a haɗa da wata kalma, ta kori tarkacen da AND NOT, umarnin a cire wata. Nan take tulin ya zube.

Na buɗe wani shafi ina murna don adireshinsa na jami'a ne. Sai ta ɗora farce a kan wata 'yar alama mai lanƙwasa, ~, a tsakiyar adireshin.

"Wannan ba jami'ar ke magana ba," in ji ta. "Wani ne aka ba shi ɗan fili a kwamfutarta. Wa ya rubuta? Yaushe?"

Na duba sama da ƙasa, babu suna, babu kwanan wata. Kunya ta kama ni, don na riga na fara kwafa.

Abin da bai yi ba shi ne takardar adireshin shafukan intanet da suka raba mana. Ba a yi nisa ba da yawan shafukan suka mutu. Tana nan cikin wani tsohon littafina, AltaVista ne a layin farko, shi ma an rufe shi a 2013.