Fistol ko mai baki ɗaya, buhu ko tukunya: amsa ga mai shirin shiga daji da karnuka

Malam, abu biyu ka haɗa: fistol ko doguwar bindiga don farautar da kake son fara bi zuwa dazukan Epe da Ikorodu, sannan abincin buhu ko na tukunya ga karnukanka biyu. Bari in fara sallamar ta farko, don ba ta da tsawo.

Cire fistol daga lissafi. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Gidan farko na haramtattu ne, nan fistol da libarba suke tare da bindigogin soja, kuma ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Gida na biyu na bindigogin farauta ne irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Na uku su ne na ɗuri, wato bindigar toka da danginta, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda aka kama da bindigar gidan farko ba izini, hukuncinsa ba ya kasa shekara 10, kuma alƙali ba zai saurari zancen gafiya ka je nema ba. Ko da ma doka ta bari, fistol ba makamin daji ba ce. Hancinta bai wuce tsawon tafin hannu ba, harsashi ɗaya take fitarwa, kuma samun zomo mai gudu da ita daga taku 20 aiki ne da ƙwararru ma ke kuskurewa. Mafi muni, karnukanka suna bayan naman, harsashin da ya kuskure shi su zai tarar. Abin yabonta ɗaya ne, ba ta da nauyi.

Mai baki ɗaya lamba 12 ita ce ta maharbi. Faɗin bakinta kusan milimita 18.5 ne, tana watsa 'ya'yan dalma da yawa a harbi guda, tana kuma kayar da nama sosai daga mita 30 zuwa 35. Ana karya ta ne a tsakiya a sa harsashi, saboda haka idan ka rataya ta a karye kowa a ayari ya san ba za ta tashi ba. Kayan cikinta kaɗan ne, abin lalacewa ma kaɗan. Lambar harsashi kuma girman 'ya'yan dalmar cikinsa take nunawa: mai lamba 6 na fakara da zabon daji da zomo ne, lamba 4 ko BB na gyazbi, AAA na gada. Abin da ke fasa irin wannan bindiga sananne ne: laka ta toshe baki bayan an tsallake fadama, ko a cusa harsashi mai tsawon milimita 76 a bindigar da aka ƙera mazaunin harsashinta don mai milimita 70, ko harsashin bindiga lamba 20, wanda ya fi siriri, ya zame cikin hanci a ɗora na 12 a bayansa. Kafin kowane fita ka karya ta ka leƙa hancin ta wajen haske. Bayan dawowa kuma a goge a shafa mai a ranar, domin iskar Legas mai gishiri ce, tsatsa ba ta jira. Bindigar toka kuwa, a wannan laimar albarushinta yakan jiƙe ya ƙi kamawa, ɗurinta na cin lokaci, wanda ya zarce awo kuma yatsunsa ne a bakin hatsari. Mai ja-ka-ɗura da ake kira pump action ma ba ta cikin gida na biyu, doka ta ware duk mai na'urar sake ɗuri.

Maganar lasisi ita ce inda ake cutar mutane. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisin bindiga. Don haka kafin ka ba kowa kobo, taka da ƙafarka zuwa hedikwatar 'yan sanda ta Ikeja ka ji halin da ake ciki. Duk wanda ya same ka a WhatsApp ko Facebook da hoton bindiga yana cewa har da takarda zai haɗa maka cikin sati, ko ɗan damfara ne, ko dillalin kayan fasa-ƙwauri. Irin kayan nan suna shigowa: a Janairun 2017 kwastan ta kama pump action 661 a kwantena guda a nan Legas. Takardar jabu ba ta kare mai riƙe da ita, bindigar da aka goge lambarta kuma ba ka san abin da ta aikata kafin ta zo hannunka ba. Waɗanda ake ƙerawa a ɓoye da bututun famfo ba su ma cancanci a tsaya a kansu ba. In lasisi bai samu ba, bi ayarin da ke da rajista ka yi farautar kare da gora, haka aka saba tun kaka da kakanni.

Wannan ya kawo mu ga karnuka, inda kuɗinka zai fi tafiya a gaskiya.

Fara da sanin buƙatarsu. Karen gida mai kilo 20, ranar da yake kwance yana bukatar kalori wajen 1,100. Ranar da ya wuni yana kutsa ciyawa da fadama, abin yakan kai 1,500 zuwa 2,000. Kuma kare mai doguwar tafiya da maiƙo yake aiki fiye da tsaki, shi ya sa wanda ake cika wa ciki da tuwon dusa da ƙanzo zai fita da tumbi a cike amma kafin azahar ya nemi inuwa.

Abincin buhu lissafinsa a sauƙaƙe yake. Giram 100 na busasshe yana ɗauke da kalori 350 zuwa 400, wato giram 300 ranar hutu, 450 zuwa 500 ranar daji. Buhu mai kilo 15 zai kai wa karnuka biyu kamar sati uku. Sai dai ba kowane buhu ne na kare mai aiki ba. Juya bayansa ka karanta: abu na farko a jerin kayan haɗi ya zama nama ko kaza ko kifi, furotin, sinadarin gina jiki, ya kai kashi 26 zuwa 30 cikin ɗari, maiƙo 16 zuwa 20. Mafi ƙarancin da AAFCO, ƙungiyar Amurka mai tsara ma'aunin abincin dabbobi, ta gindaya wa karen da ya gama girma shi ne furotin kashi 18 da maiƙo 5.5, kuma buhunan araha a kusa da nan suke tsayawa, sauran duk masara ce. Sun isa karen gadi da ke kwance a bakin ƙofa, ba su isa naka ba. Masu kashi 30 da 20, irin Pro Plan Sport, suna da kyau ƙwarai, amma daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi. Akwai na gida kamar Binggo da ake yi a Jos, shi ma da wannan ma'aunin za ka duba shi. Sannan tunda hannunka da kwanonka za su taɓa, lura da inda aka rubuta naman alade, ko aka ce kitsen dabba kawai ba a faɗi wace dabba ba.

Babban abokin gaban buhu a Legas laima ce. Da zarar an farke shi, a cinye cikin sati huɗu zuwa shida. A bar abincin a cikin buhunsa, a naɗe baki, a sa cikin durom mai murfi, a ɗora kan katako kada ya taɓa siminti. Masara da gyaɗa in suka yi fumfuna suna fitar da gubar aflatoksin mai cin hanta, kare kuma na cikin dabbobin da ba sa jure ta, dafuwa ma ba ta kashe ta. Alamarta kare ya ƙi abinci, ya yi amai, dasashi da farin ido su koma rawaya. In ka ga haka, likitan dabbobi za ka nufa a ranar.

Ba ka tambaya ba, amma kada ka sayi wanda ake aunawa a derika ko robar fenti daga buɗaɗɗen buhu. A nan ne ake shigar da wanda wa'adinsa ya wuce, a nan ake cakuɗa mai tsada da mai araha, wani har da abincin kifi. Nemi buhu a rufe da ɗinkin kamfani, da lambar NAFDAC, da kwanan wata da aka buga a jikin leda, ba takardar da aka manna a kai ba. Ɗebi kaɗan ka murza a tafin hannu. Mai kyau yana ƙaras, yana barin ɗan maiƙo da ƙanshin nama. Wanda ya yi laushi, ko yake warin tsohon mai, ko ka ga gari da ƙwari a gindin buhu, mayar wa mai shi.

Tukunya kuwa, mai zama kusa da Agege ya samu gata. Kwatar Oko-Oba tana gefenka, da sassafe mahauta na da yankakken nama mai kitse da tumbi da huhu da saifa waɗanda ba su kai kuɗin tsoka ba, kifin kankara irin shawa da kote kuma ga shi a Ijora. Nawa karnukan a kan tukunya suke, kuma ana ganin bambancin a jiki: gashi ya kwanta yana sheƙi, ƙugu ya shiga, kashinsu ɗan kaɗan mai tauri, ba tulin da na masara ke ajiyewa ba. Karya mai shayarwa ma ba ta zubewa a kansa.

Ga awon kare ɗaya mai kilo 20 a ranar aiki: nama mai kitse ko kifi giram 350, dafaffiyar shinkafa giram 300, dankalin Hausa ko kabewa giram 100, ƙwai ɗaya, hanta giram 25, man gyaɗa cokali ɗaya babba. Wannan ya kai kalori wajen 1,500. Ranar hutu a cire man, a rage kashi ɗaya cikin huɗu. A tafasa naman tukuna har ya nuna, a dafa shinkafar a cikin romonsa, a zuba dankalin, in ya huce a gauraya sauran. Ba gishiri mai yawa, ba dunƙule, ba yaji.

Inda masu tukunya ke faɗuwa shi ne kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Nama da shinkafa kusan ba su da shi, sai sinadarin fosfaras mai yawa, jiki kuma in ya rasa sai ya riƙa zara daga ƙashi. A kwikwiyo abin yakan fito da lanƙwasar ƙafa da karaya ba dalili. Maganinsa ɓawon ƙwai: a wanke, a busar a kan wuta kaɗan, a daka ya zama gari lilis, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya shafe a abincin yini. Hanta kada ta wuce kashi 5 cikin ɗari, bitamin A da ke cikinta in ya taru yana lahanta gaɓoɓi. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, tsagewa yake ya huda hanji. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, wannan ne dalilin da ya sa sauran miyar gida da ragowar tsire ba abincinsa ba ne. Goro da cakulan da inabi ma a nisanta su da shi. Shawa a dafa ta, ɗanyarta tana lalata bitamin B1. Aibin tukunya na gaskiya wahala ce da wuta: dafaffe ba ya wuce kwana uku a firji, in NEPA ta ɗauke kwana guda kuma ka yi asara.

Saboda haka zaɓina a gare ka: tukunya a gida, ƙaramin buhu mai kilo 3 zuwa 5 na masu furotin da yawa don kwanan daji, inda dafaffe zai yi tsami kafin la'asar. Riƙa zuba ɗan buhun a tukunyarsu ko da ba za ku fita ba, don cikinsu ya saba. Sauyin abinci farat ɗaya zawo yake kawowa. Idan za ka sauya gaba ɗaya, yi shi cikin kwana bakwai kana ƙara sabon a kan tsohon: rubu'i, rabi, kashi uku, sannan duka.

Ranar farauta kada ka cika musu ciki da asuba. Babban abinci a ba su daren jiya, sai kuma bayan an dawo sun huce kamar awa ɗaya. Kare mai zurfin ƙirji in ya yi gudu da cikakken ciki, tumbinsa na iya kumbura ya murɗe, wannan kuma kisa yake cikin 'yan awoyi. Ruwa shi ne ba a rowa: kare mai kilo 20 yana shan fiye da lita ɗaya ko yana zaune, a daji ka tanadi ninki biyu, ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi yana tangaɗi, tsayar da shi a inuwa ka jiƙa masa ciki da hammata.

Al'adar jefa wa karnuka ɗanyen kayan cikin abin da aka kama a daina ta, haka ɗanyen huhu da hantar kwata masu ƙulli mai ruwa. Ta nan tsila ke shiga kare, ƙwanta kuma ya bi kashinsa ya dawo kan yaran gida. A dafa tukuna.

Ma'aunin da ya fi kowane lissafi hannunka ne. Shafa haƙarƙarinsa duk sati: ya kamata ka ji ƙasusuwan kamar yadda kake jin na bayan hannunka in ka miƙe yatsu. Sun fito ana ƙirgawa daga nesa, ƙara kashi 10 cikin ɗari. Sai ka danna kafin ka ji su, rage haka. Idan yana ci sosai amma yana ramewa, ba abincin ba ne, nemi tsutsar ciki ko cutar kaska, ko sammore in kuna shiga dazukan Ogun masu ƙudan tsando. Maganin tsutsa mai sinadarin praziquantel duk wata uku, lokacin da farauta ta yi zafi duk wata, allurar haukan kare kuma daga wata uku da haihuwa sannan duk shekara, ka kuma ajiye katin a aljihun jakar farauta.