Baƙar sapote: shuka iri ko dashen aure?

Masu lambu suna yawan tambaya ko iri za su shuka ko dashen aure (wanda aka haɗa reshen wata bishiya a kan gindin wata) za su saya na baƙar sapote, bishiyar nan 'yar asalin Meziko da ke dangi ɗaya da kanya. Iri yana da araha kuma yakan tsiro cikin kimanin wata guda, amma sai an jira shekara 5 zuwa 6 kafin a ga 'ya'ya, wata bishiyar ma furen namiji kaɗai take yi. Dashen aure ya fi tsada da wuyar samu, sai dai yakan haihu da wuri, da ɗanɗanon uwarsa. Ko wanne aka zaɓa, ɗanyen ɗan itacen ba ya ciwuwa saboda bauri, sai ya yi laushi cikinsa ya yi baƙi.

Iri ya dace da mai fili da haƙuri. Mai gurbin bishiya ɗaya kuwa, ko mai nufin sayarwa, gara ya nemi dashen aure.