Pandoc ko manhajar saye: wanne ke maganin giɓin da ke fitowa bayan juya Markdown?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi tambaya a kan giɓi, wato tazarar banza da ke fitowa a takarda bayan ka juya fayil ɗin Markdown (hanyar rubutu da alamomi masu sauƙi a fayil na zallar rubutu) zuwa Word ko PDF. Tsakanin Pandoc, manhajar juya takardu ta kyauta, da manhajojin nan na saye da kake tambaya a kai, waɗanda ake jefa wa fayil ɗin Markdown su miƙo maka Word ko PDF, ka ɗauki Pandoc kawai. Duka biyun sun ratsa hannuna. Ɗaya kuɗina na sa na saya na kuma yi da-na-sani, ɗayan kyauta na same shi, kuma da shi nake aiki har gobe.

Wadda na saya ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba. Fuskarta da kyau, maɓalli ɗaya gare ta, in wasiƙa ce mai shafi guda tana fitar da ita lafiya lau. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Ranar da giɓi ya ɓullo a takardarka ba ka da inda za ka leƙa, sai dai ka buɗe Word ka bi layi-layi kana sharewa da hannu. Gobe ka gyara kalma ɗaya a asalin rubutun, ka sake juyawa, giɓin ya dawo wurinsa kamar ba a taɓa taɓa shi ba.

Abin da ya kai ni ga Pandoc wani littafin jagora ne da na rubuta, cike da jerin matakai masu lamba. Wasu jerin suna fitowa a tsuke, tsaf-tsaf, wasu kuma kowane mataki ya yi nesa da ɗan'uwansa har mataki bakwai ya cinye shafi guda. Na duba rubutuna na ga duk iri ɗaya na rubuta su. Kwana biyu ina zargin manhajar, ina zargin Word, har kwamfutar ma sai da na zarga. Wani abokin aikina ya ce in bar duka wannan in buga wa Pandoc layi ɗaya a baƙin allon da ake buga umarni (terminal):

`pandoc -t native jagora.md`

Wannan umarnin ba ya ƙera maka takarda. Nuna maka yake yi yadda Pandoc ya fahimci rubutunka kafin ya mayar da shi wani abu. Kowane sarari tsakanin kalmomi za ka gan shi da sunan `Space`, inda ka danna Enter a tsakiyar jimla za ka ga `SoftBreak`, inda aka tilasta karya layi kuma `LineBreak`. Da na gangara wurin jerin da suka lalace sai na ga matakansu duka an rubuta musu `Para`, su kuwa masu kyau an rubuta musu `Plain`. Na koma asalin fayil ɗin, ashe layi ɗaya tak na bari babu komai tsakanin mataki na huɗu da na biyar. Ƙa'idar CommonMark, wato daidaitattun dokokin rubuta Markdown, ce haka: in aka sami layin da ba komai tsakanin abubuwa biyu na jeri, jerin gaba ɗaya ya zama sakakke, kowane abu a cikinsa ya koma cikakken sakin layi da tazararsa sama da ƙasa. Na goge layin nan guda, shafin ya koma daidai. Wallahi sai da na yi dariyar kaina. John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi ya fara fitar da Pandoc a 2006, kuma ko don wannan tagar da ya bari a buɗe ya cancanci godiya.

Tun ranar na gane giɓi ta ƙofa biyu yake shigowa: ko yana cikin rubutunka ido bai gan shi ba, ko kuma salon takardar da aka juya zuwa gare ta ne ya ƙara shi. Kafin ka taɓa komai ka fara sanin ta wace ƙofa naka ya shigo.

A ɓangaren rubutu, babban mai laifi shi ne sarari biyu a ƙarshen layi. Tun da John Gruber ya fito da Markdown a 2004 ya sa dokar cewa sarari biyu a ƙarshen layi na nufin a karya layin a nan. Matsalar ita ce ba a ganinsu. Yatsanka ya zame sau biyu a kan madanni, jimlarka ta tsinke a tsakiya a Word, rabin layin ya zauna fayau. In da gangan kake son karya layi, ka sa alamar `\` a ƙarshensa, ita ana ganinta, kuma Pandoc da CommonMark duk sun santa. Sauran sararin da ke maƙale a ƙarshen layuka ka share su. A manhajar rubutu ta VS Code akwai saitin da ke nuna kowane sarari a matsayin ɗan ɗigo, ka kunna shi ka bar shi a kunne.

Na biyu ya fi wannan mugunta, shi ne sararin da ba ya karyewa, mai lamba U+00A0. Yawanci yana biyo rubutun da aka kwafo daga shafin intanet ko daga imel. A ido ba shi da bambanci da sarari na yau da kullum, amma a wurin na'ura harafi ne cikakke. Layin da ke ɗauke da shi kaɗai kai ka ɗauka fanko ne, shi kuwa Markdown ya ɗauke shi sakin layi, sai ka ga giɓi ninki biyu. In kana kan Linux, `cat -A jagora.md` zai tona masa asiri, za ka ga `M-BM-` a duk inda ya ɓuya. Haka nan in ka ga `^M` a ƙarshen layuka, alamar ƙarshen layi ce irin ta Windows. Pandoc bai damu da ita ba.

Sai shigar da layi ciki da sarari huɗu. Wasu sun saba tura farkon sakin layi ciki don ado. A Markdown wannan na nufin abin da ke wurin lambar shirin kwamfuta ce, sai sakin layin ya fito da haruffa irin na keken rubutu, an ware shi sama da ƙasa. Ka fara sakin layi daga bakin gefe, adon ka bar wa salo.

To in ka duba da `-t native` ka ga rubutunka tas yake, laifin ya koma ƙofa ta biyu, kuma a nan ne Pandoc ya yi wa manhajar saye fintinkau. Ba ya zuba rubutu a Word haka kawai, kowane yanki yana ɗora masa salo mai suna. Sakin layin farko bayan kanu `First Paragraph` ne, saura `Body Text`, jeri tsukakke kuma `Compact`. Tazarar da kake gani tana zaune a cikin waɗannan salon, don haka gyara ɗaya ya isa. Ka fitar da samfurinsa:

`pandoc -o samfur.docx --print-default-data-file reference.docx`

Ka buɗe samfurin a Word, ka shiga gyaran salon `Body Text`, ka rage tazarar gaba da baya yadda ta yi maka, ka adana. Daga nan duk lokacin da za ka juya sai ka ƙara `--reference-doc=samfur.docx`. Ni sau ɗaya na yi wannan aikin, samfurin nan nake ta jan sa daga wannan takarda zuwa waccan. Kuma in kana cikin Word ka riƙa danna alamar ¶ ɗin nan, ko Ctrl+Shift+8, ita za ta bambance maka sakin layin da ba komai a cikinsa da tazarar da salo ya sa.

PDF kuma labarinsa daban. A can Pandoc ta hanyar LaTeX yake bi, wata manhajar tsara shafi, shi kuwa LaTeX yana da ra'ayinsa game da hotuna. Hoton da ya tsaya shi kaɗai a sakin layi ana ɗaukarsa abin da zai iya yawo, in bai sami wuri ba ya tsallaka wani shafin, wani lokaci ya zauna a tsakiyarsa shi kaɗai, fili sama fili ƙasa. Ana kashe wannan da ƙara `-f markdown-implicit_figures` a umarnin juyawa, sai dai bayanin da ke ƙarƙashin hoton zai ɓace. Mu masu rubutun Hausa kuma akwai namu na musamman. Ka ga "ɗaki" ya koma "aki", ko an bar gurbi a wurin ƙ ko ɓ, kada ka tsaya neman sarari. Samfurin haruffan ne ba shi da masu ƙugiya. Ka yi amfani da `--pdf-engine=xelatex -V mainfont="DejaVu Sans"`, ko wani samfurin haruffan da ka tabbatar yana da su, kuma ka karanta gargaɗin da Pandoc ke bugawa, yana faɗin harafin da ya rasa.

Ban ce ba shi da wahala ba. Umarni ake bugawa a baƙin allo, ranar farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu, kuma girka LaTeX na cin wuri sosai. In Word kaɗai kake so ma ba ka buƙatar LaTeX ɗin.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zan faɗa: ka yi hattara da masu tallar manhajar da wai ke "goge duk giɓi kai tsaye". Akwai masu ɗaukar kayan kyauta su yi musu sabuwar riga su sayar ba tare da sun faɗa maka ba. Akwai shafukan da za su bari ka ɗora takardarka, sai an gama juyawa su ce sai ka sa lambar katinka kafin ka sauke, ga shi kuma takardar ta riga ta shiga hannunsu, ba ka san inda za ta kwana ba. Masu raba manhajar da aka fasa wa makulli kuwa kada ma ka saurare su, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Pandoc kyauta ne, a ƙarƙashin lasin GPL mai ba kowa damar amfani da shi, ka sauke shi daga shafinsa na asali, pandoc.org. Ka girka shi yau, ka buga `-t native` a kan fayil ɗin da ke damunka, ka fara da neman `Para` a cikin jeri da `LineBreak` a tsakiyar jimla.