Na sauya wa Hilux ɗina inji a Suame Magazine: kafireto ko injekta?

Duk mai tsohuwar Hilux a Kumasi, da zarar inji ya fara shan baƙin mai, gardama ɗaya ce ke jiransa a gareji: ya sake sa inji mai kafireto ko ya koma injekta, wadda ke fesa wa inji fetur bisa awon kwamfuta. Ni injekta na sa. Motar ta ci damina ta ci hunturu da sabon injin, kuma na gamsu da shi, sai dai ba kowa zan ce ya bi sahuna ba.

Motata a-kori-kura ce ta farkon shekarun 1990, mai ja da ƙafafun baya kawai. Da ita nake kai taki ko siminti Ejura in dawo da masara, wani lokaci in leƙa Techiman ɗauko doya. Injin da ta zo da shi 4Y ne, lita 2.2, wanda ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Inji ne mai haƙuri, shi ya sa ake samunsa har a tsofaffin Hiace da motocin ɗaga kaya na cikin sito. Nawa dai ya gaji. An sauya masa ringi, an goge kai, hayaƙi bai daina ba, kuma in na iso hawan dutsen Mampong da kaya sai dai giya ta biyu da salati.

A Suame Magazine, unguwar gareji da masu sayar da kayan mota a Kumasi, hanya uku aka shimfiɗa mini. Ko in sayi wani 4Y ɗin a ɗora, aiki mai sauƙi da araha tunda komai zai zauna a gurbinsa. Ko in sayi 3RZ-FE, injin lita 2.7 mai bawul 16 da Toyota ta fara yi a 1994, mai ƙarfin doki kamar 150, a haɗa shi da injektarsa yadda ya zo. Ta ukun ita ce wadda aka fi matsa mini a kai: in sayi 3RZ ɗin, a cire masa injekta da kwamfuta, a ƙera masa baki a ɗaura kafireto. Wani fita ya ce da ni, "Alhaji, me za ka yi da wayoyi? In ta tsaya maka a daji wa zai duba maka?"

Maganarsa ba banza ba ce. Kafireto aikinsa a fili yake: iska na wucewa ta maƙogwaronsa, ta zuƙo fetur ta ƴan ƙananan ramuka, su gauraya su shiga inji. In ya toshe, yaron mota ma zai kwance shi a gindin bishiya, ya wanke da fetur, ya hura ramukan da baki, a ci gaba da tafiya. Amma ɗora shi a kan injin da aka ƙera don injekta, a ganina, sayen doki ne a ɗaure masa ƙafa ɗaya. Ka biya kuɗin babban inji, sannan ka zubar da abin da ke auna masa mai da wuta daidai. Na hau irin waɗannan motocin: suna tafiya, amma silo ba ya zama wuri ɗaya, fulogi kullum baƙi ƙirin, warin ɗanyen fetur har cikin gidan direba. In 3RZ ɗin nan an haɗa masa kafireto ne tun daga kamfani, wannan magana daban.

Abin da ya kamata mai shiga injekta ya sani tun kafin ya ciro kuɗi shi ne, ba ƙarfen injin kaɗai yake saye ba. Injunan da ake kawowa daga waje, waɗanda muke kira hom-yus, da yawa da almakashi ake yanko wayoyinsu. Za ka ga inji fes, amma igiyar wayoyin an datse ta a inda take shiga cikin mota, babu kwamfuta, babu na'urar auna iska. Nemo su ɗaya bayan ɗaya, a nan ko a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra, ya fi tsada, kuma ba lallai su dace da juna ba. Ni na tsaya sai da aka samo wanda ya zo da komai nasa, har da giyabos, domin bakin giyabos ɗin 4Y ba ya kama wannan injin. Kafin in biya, aka ajiye shi a kan tsohuwar taya, aka jona batir, aka ba shi fetur daga jarka, ya tashi a gabana. Na sa hannu a bakin salansa, na buɗe murfin baƙin mai na leƙa ko akwai dasƙararren datti. A tambaya kuma ko kwamfutar irin mai neman makullinta na asali ce. In haka ne kuma babu makullin, injin ba zai tashi ba.

Aikin ƙarfe bai ba da wahala ba. Masu walda sun ƙera sabbin kujerun inji, an daidaita tsawon farfela, an sauya lagireto. Wannan a Magazine ba abin labari ba ne. Inda ake gane gwani a wajen mai da wuta ne. Kafireto da ɗan turin mai kaɗan yake aiki, kamar awo 3 zuwa 5 a ma'aunin psi, injekta kuwa tana son wajen 40. Dole a sa famfon mai na lantarki mai ƙarfi, a sauya tiyo da wanda zai jure, a ja wani layi da zai mayar da ragowar mai cikin tanki. Da aka sauke tankina aka girgiza, abin da ya zubo cikin kwano ruwa ne ja da ɓarɓashin tsatsa kamar garin barkono. Kafireto ya yi shekaru yana haɗiye wannan bai ce komai ba, injekta da ta toshe nan take.

Mai haɗa wutar wani dattijo ne ɗan Aboabo, ba ya gaggawa. Kowace waya sai ya fere ta, ya ɗinke da dalma, ya naɗe, ba murɗawa da salatif kawai ba. Ya maido da fitilar gargaɗin inji a gaban direba, ya nuna mini yadda ake yi a tsofaffin Toyota: ka jona ramuka biyu, TE1 da E1, da guntuwar waya, ka kunna makulli, fitilar ta riƙa ƙiftawa tana ƙirga maka lambar abin da ke damun injin. Da wani yaro ya kawo shawarar a cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, wai saboda zafin ƙasarmu, sai ya daka masa tsawa. Ya juyo ya ce, "Ɗana, kada ka yarda kowa ya cire maka shi. In ruwa bai yi zafi yadda ya kamata ba, kwamfuta za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba mai." Na ce, "To Baba, na ji." Motoci da yawa da ake cewa injekta ta sa su shan mai, wannan ne ciwonsu.

A kan hanya, bambancin ba ya ɓuya. Da asuba cikin sanyin hunturu murɗa makulli ɗaya take tashi, babu jan cok, babu taka totur. Hawan Mampong da kaya yanzu a giya ta uku nake yinsa, allurar zafi ba ta motsi. Batun mai kuwa, kada wani ya ruɗe ka. Na sami sauƙi, amma ba mai yawa ba, tunda injin ya fi tsohon girma. Ribar ita ce da kusan man da nake sha a da nake ɗaukar kaya cikin natsuwa in isa da wuri. A ƙasar da farashin fetur ke iya sauyawa duk bayan mako biyu tun da gwamnati ta sake shi a 2015, ko ɗan wannan sauƙin ana jinsa a aljihu.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne tana da tsirfa a kan mai. Na taɓa shan fetur a wani ƙaramin gidan mai a hanyar ƙauye, ta yi ta shaƙewa har sai da aka sauya matatar mai. Tun daga nan ba na barin tanki ya sauka ƙasa da kwata, kuma akwai matata da famfon mai na ajiya a bayan kujera. Kuɗin aikin gaba ɗaya kuma ya zarce na sake ɗora 4Y nesa ba kusa ba, ga zuwa ofishin DVLA, hukumar lasisin direbobi da rajistar motoci, a gyara lambar inji a takardu, kada a sha tambayoyi a shingen ƴan sanda.

Kawuna da ke noma can bayan Bawku ya ga motar ya ce shi ma zai yi wa tasa. Na hana shi. Motarsa ba ta barin hanyar gona, mai daga jarka yake saye, kuma fitan ƙauyensu kafireto ya sani. Na ce ya nemi 4Y mai lafiya, ya sayi sabon kafireto da matatar iska mai kyau saboda ƙura.