Tascam DP-008EX da makirufon Behringer XM8500: yadda suka yi min aiki a Pantami

Duk mai son ya fara naɗar waƙa a ɗakinsa a nan Gombe, abu biyu ya kamata ya duba kafin ya taɓa aljihu: wutar lantarki da hayaniyar unguwa. Su ne suka sa na ajiye zancen kwamfuta na sayi ƙaramar na'urar naɗar sauti, Tascam DP-008EX, na haɗa da makirufon Behringer XM8500. Ta hannu na samu, wani mai shagon kayan sauti a Kano ya ba direba ya kawo min. Waƙoƙin bege nake yi, ƙanena yana buga min mandiri, kuma biyan kuɗin situdiyo duk sanda baiti ya zo min ya fi ƙarfina.

Na'urar tana da layi 8, wato gurabe 8 da ake naɗar sauti daban-daban a kansu, amma layi 2 take ɗauka a lokaci guda. Ga irin aikinmu wannan ya wadatar. Mandiri muke fara ɗauka, sai in sa abin sauraro a kunne in ɗora muryata a wani layin, sannan in koma in yi wa kaina amshi sau biyu ko uku. Kowane layi da maɓallansa na murɗawa: na ƙarfin sauti, na turawa dama ko hagu, da na amsa-kuwwa. Idan na tura amshi ɗaya dama, ɗaya hagu, na bar muryar jagora a tsakiya, sai ka rantse mutum huɗu ne a ɗakin. Da Yaya Babba ya ji, tambayar da ya fara yi min ita ce, "Kai, ina ka samo waɗannan 'yan amshin?"

Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne batir. Ƙananan batura 4 take ci, irin na AA, don haka ko an ɗauke wuta muna tsakiyar baiti, aiki bai tsaya ba, kuma ba sai na tayar da janareta ya cika min waƙa da ruri ba. Masu caji na saya, saiti biyu, ina musanyawa.

Makirufo kuwa, a nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗi. Kowa so yake ya mallaki babban nan na situdiyo da ake kira kwandensa, saboda kyan gani a hoto. Wani abokina ya ara min nasa na gwada. Muryar ta fita tas, babu musu, amma tare da ita ya kwaso injin markaɗen maƙwabta, da hon ɗin 'yan acaba, da kukan akuya, har da ƙarar fanka. Ga shi sai an kunna masa wutar 48V daga jikin na'urar, wadda ke saurin shanye batir. XM8500 ba ya buƙatar wannan wutar, kuma abin da ke gabansa ya fi ji. Ina matso da bakina kamar faɗin yatsu uku, in ɗan karkata shi gefe don kada iskar "fa" da "ba" ta buge shi, shi ke nan titi ya ja baya. A ɗaki mai rufin kwano da bangon siminti, wannan ya fi min komai. Na jingina katifa a bango ta bayana, na sauke labule, na shimfiɗa darduma, sai ƙarar ɗakin ta ragu sosai. Duk da haka bayan sallar isha'i muka fi yin aiki, lokacin gari ya lafa.

Akwai abin da mai saye ya kamata ya sani tun farko. Allon na'urar ƙarami ne, kuma waƙar da ka naɗa ba ta fitowa kai tsaye daga katin memori. Sai ka haɗe layukan, ka fitar da ita a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, sannan ka jona USB ka kwashe ta zuwa kwamfuta kafin ta kai ga waya. Mai son yanka kalma ɗaya ya gyara ta a kan allo, kwamfuta ce ta dace da shi.

Idan ta hannu za ka saya, ka sa mai shagon ya gwada ramukan makirufo biyun a gabanka ko ta bidiyo, ya murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarƙara. Ka ware kuɗin wayar jona makirufo mai kyau, wadda ake kira XLR, da sandar ɗora makirufo, domin riƙe shi a hannu yana shigar da motsin yatsu cikin waƙa.