Abin canza giya na jikka biyu da na sa ma kekena mai nadewa, bayan wata hudu

Kekena irin mai nadewa ne, taya inci 20, giya 7, na gwanjo na saye shi kuma wallahi ina son shi sosai, da shi nike zuwa aiki kullum daga unguwar Ali Dan Sofo a Maradi, in na iso in nade shi in tura karkashin tebur. Ranar da na dawo daga Tasawa yaran mota suka sako shi daga saman kaya ya hwadi ta gefen dama, abin canza giyar, irin wanda ake murzawa a hannu, ya tsage gida biyu.

Na dauka abu ne mai sauki. Sati ukku ina yawo, babbar kasuwa shago shago, na tura hoto ta WhatsApp ma wani dan uwana a Katsina, shi ma ya tura Kano, amsa guda ce, kamfanin ya daina yin irin shi tuntuni. Ga shi tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan gwanjo na Kwatano sun yi wuya, balle ka samu mataccen keke irin nawa ka cire. A intanet na ga wani na sayar da tsoho a Faransa, kudin aikowa kadai ya kusa rabin kudin keken.

Sai na yi gaggawa na sayi wani na murzawa mai lamba 1 zuwa 7, na ce ai bakwai bakwai ce. Kuskurena ke nan. Ashe kowane "kas" da ka ji yana jan waya ne da wani awo, kuma awon kamfanin Shimano, irin wanda na saya, daban yake da na wasu giyoyin kamfanin SRAM, in macanjin bai dace da karfen baya mai tura sarka ba to lambobin nan ado ne kawai. Nawa ukku na farko suna shiga, daga nan sarka ta kama kara kar-kar-kar tana tsalle tsakanin hakora.

Wani dattijo mai gyaran keke wajen tashar mota ne ya raba ni da wahala. Ya juya keken ya murza feda da hannu yana saurare, sannan ya ce "dana, mi ya hada ka da mai lamba? sa mara lamba ka huta." Na ce Baba wannan dan karfen zai iya? Ya ciro shi daga cikin gwangwanin madara, dan maballi ne da ake turawa da babban yatsa, babu suna babu kwali, jikka biyu har da kudin aiki. Shi ba ya kirga komi, waya kawai yake ja iya yadda ka tura, kai ne za ka tsaya inda sarka ta zauna. Ya zauna daidai a kan hannun keken tunda kaurin 22.2mm ne kamar yawancin kekuna masu mikakken hannu. Waya ce sai da aka nemo doguwa, don keke mai nadewa in ka takaita mishi waya ranar da ka nade wuyan keken za ta ja ta lankwashe, Baba sai da ya nade ya bude sau ukku kafin ya datse ta.

Kwana biyun farko na sha wuya gaskiya, ina wuce giyar da nike so. Yanzu kunnena ya saba, ko cikin hayaniyar 'yan kabu-kabu ina jin lokacin da ta zauna. Abin da ya fi burge ni shi ne rairayi, kun san lungunan garin nan, karamar taya kuma karfen baya na kusa da kasa yana kwasar kura, da can duk wata sai an daidaita mini giya, yanzu da yatsa nike gyarawa ina tahiya.

Aibin shi guda biyu. Sukurun sama yana saki, in ya saki giya na zamewa da kanta ta koma mai nauyi, kuma sai a hawa take yi maka haka, don haka duk Juma'a nike daure shi da dala biyar ta karfe. Sannan in na nade keken maballin na gogar taya, sai da muka dan karkatar da shi ciki.

Zan sake saye, har na ce ma Baba ya aje mini guda. Wancan mai lambar yana nan cikin leda sabo, in akwai mai giya 7 ta Shimano da ke bukata ya zo ya amsa yadda na saye.