Rabalderparken: filin zamiya da aka gina a cikin magudanar ruwa

A garin Roskilde na ƙasar Denmak, kimanin kilomita 30 yamma da babban birnin ƙasar, akwai filin wasan zamiya da allo mai taya wanda ya cancanci duk mai zanen irin waɗannan filaye ya yi nazarinsa. Sunansa Rabalderparken, an buɗe shi a 2012 a unguwar Musicon. Wurin a da masana'antar kankare ce ta kamfanin Unicon, hukumar garin ta saye shi a 2003 don ta mayar da shi unguwar kiɗa da fasaha. Sabuwar unguwa kuwa tana nufin sabbin rufi da tituna, su kuma suna tara ruwan sama, dole a nema masa hanya.

Maimakon a binne manyan bututu a ƙasa, sai aka bar magudanar a buɗe, aka zana ta yadda taya za ta bi. Søren Nordal Enevoldsen na kamfanin Nordarch, wanda shi kansa ɗan wasan ne, shi ya tsara ɓangaren zamiyar. Magudanar ta kai tsawon mita 445, tana zuba a kwaruruka 3 da ke iya ɗaukar ruwa kusan kyubik mita 23,000. Ruwa na fara cika na farko, in ya tumbatsa ya wuce na biyu, sannan na uku, wanda shi ne kwarin kankaren da ake wasa a ciki. An yi lissafin cewa sai ruwan da ake gani kusan sau ɗaya a shekara 10 ne zai cika shi.

Abin da ya fi burgewa shi ne tarihin wurin na cikin ginin kansa, ba a jikin allon sanarwa ba. Ƙasar da aka yi shekaru ana kwaɓa kankare a kanta, kankaren ne ya zama abin wasa. Siffar filin kuma gangaren ƙasa da hanyar ruwa suka yanke ta. Har tarihin wasan ma ya shigo: a shekarun 1970 matasan Kalifoniya a magudanan ruwa da busassun wuraren ninƙaya suka goge, musamman lokacin farin 1976 da 1977. Wanda ya hau allo a nan yana gangara mai tsawo, yana hawa bangon dama ya dawo na hagu ba tare da ya sa ƙafa ƙasa ba, abin da ƙaramin fili mai kusurwa huɗu ba zai taɓa ba shi ba.

A nan ne filaye da yawa ke faɗuwa. Ana cewa a nuna tarihin gari, sai a jera bulo ko duwatsu, ko a buga zane mai zurfi a kan daɓen da ake gudu. Faɗin tayar allon yawanci milimita 52 zuwa 56 ne kawai, kuma tana da tauri ƙwarai. Tsaga mai faɗin yatsa ko tsakuwa guda ta isa ta tsayar da ita cak, mai wasa ya wuce gaba da fuska. Ado wurinsa bango, wurin zama da bakin fili. Hanyar taya a bar ta sumul.

Haɗa ruwa da zamiya na da tsadarsa, kuma ya kamata a faɗe ta. Injiniyan ruwa na son gangara da manyan ramukan shan ruwa, ɗan wasa na son daɓe mai santsi babu murfin ƙarfe a gabansa. Maslahar da aka saba ita ce gangarar kashi 1 zuwa 2 cikin 100, a sa ramin a can ƙasan kwarin inda taya ba ta yawan bi, murfinsa daidai da daɓe, ƙofofinsa ƙanana. In gangarar ta gaza, ruwa ya kwanta, gansakuka ta fito, wurin ya yi santsin da ba a so. A ƙasa mai sanyi irin Denmak kuma ruwan da ya shiga tsaga yana daskarewa ya buɗe ta. Shi ya sa ake zuba kankare mai kaurin kusan santimita 15 a kan rodi da ƙasar da aka danne sosai, a goge shi da cokalin ƙarfe sau da dama, a yanka layukan tsaga da zarto a inda aka zaɓa tun kafin ya tsage da kansa, a bar shi cikin danshi aƙalla kwana 7. Bututun ƙarfen da ake sawa a bakin kwarin don allo ya goga a kansa, mai kaurin kusan santimita 6, ɗan kaɗan ake so ya leƙo. In ya fito da yawa yana kama taya, in ya nutse ba a jin sa.

Babban rauninsa shi ne shara. Duk magudana na kwaso yashi, laka da ganye, kuma inda take ajiye su nan ne 'yan wasa ke gudu. Bayan ruwa mai ƙarfi sai an share kafin a hau, don haka tsintsiya na cikin kayan wasa a irin wannan wuri. Fili ne kuma a sarari, babu rufi, ranar ruwa babu wasa.

Ga mai son dogon gudu da juyi a bango, wurin ya biya. Mai koyo ya fara daga shimfiɗaɗɗen gefe da hular kwano da abin kare gwiwa, domin gangara mai tsawo na tara gudu fiye da yadda ido ke nunawa. Hukumar da ke son kwaikwayon tsarin kuma ta zaunar da injiniyan ruwa da mai zanen filin a tebur ɗaya tun kafin a auna ƙasa, ta kuma ware kuɗin shara da gyaran tsaga na kowace shekara a cikin kasafin farko.